Yau Ma Ba Tudu

Shekara 17 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, tun bayan da na karɓi diflomata ta koyarwa, kuma babu shekarar da ba na tsayawa gaban allo in zana wa yara taswirar Afirka ta Yamma, in goga alli a ƙarƙashinta in ce musu, "Wannan shi ne Tekun Atilantika." Su kwafa a littattafansu, in tambaye su a jarrabawa, su ba ni amsa daidai, in ba su maki. To amma maganar gaskiya, mai karatu, da ni da su duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu, domin har yau ɗin nan da nake wannan rubutu ban taɓa sa teku a idona ba. Iyakar ruwan da na sani shi ne Gagare na nan garinmu Ƙauran Namoda, sai kuma Bunsuru na wajen Zurmi, waɗanda da damina sukan cika su batse har su hana mutane ƙetarewa, da rani kuwa sai rairayi da 'yan rijiyoyin masu lambu.

A duk danginmu mutum ɗaya ne ya taɓa hawa teku, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta a Zurmi. A shekarar 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Ingila kwas na shekara guda a kan aikin koyarwa, ya tafi ta jirgin ruwa. Muna yara, in an kai mu Zurmi hutu, mukan kewaye shi da dare mu ce ya ba mu labarin Ingila. Abin mamaki, labarin Ingilar ba ya ɗaukarsa minti biyar. Sanyi, hazo, dankali, mutane kowa na sauri babu mai gai da wani, shi ke nan ya gama. Amma da zarar wani ya ce, "To Kawu, jirgin fa?" sai ka ga ya gyara zama, ya ɓare goro, kuma ranar sai barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya bai kai ƙarshe ba. Na daɗe ina tambayar kaina, yaya mutum zai shekara a ƙasar Turawa, amma abin da ya zauna masa a rai shi ne mako biyun da ya yi a hanya, inda babu abin gani sai ruwa? Ban sami amsa ba sai da na haura shekara arba'in, kuma ba a aji na same ta ba.

A damunar 2021 ne muka matsa wa Kawu ya baro Zurmi ya dawo wurina, saboda hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan da ke kewaye da garin, ga kuma hanyar da ta zama sai an yi addu'a kafin a hau ta. Yana da shekara 85 a lokacin. Da ƙyar ya yarda, ya zo da buzunsa, da butarsa, da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Bai yi wata guda ba, ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Nan take aka rufe makarantun jihar. Kasuwannin mako-mako an dakatar da su, an hana sayar da fetur a jarka, an hana safarar dabbobi, an sa dokar hana yawon dare. Bayan 'yan kwanaki kuma aka katse layukan wayar salula a duk faɗin Zamfara.

Wanda bai zauna cikin wannan hali ba, da wuya ya gane shi. Ga gari cike da mutane, ga masallatai ana salla, ga yara suna wasa a lungu, amma kamar an ɗauke garin ɗungurungum an ajiye shi wani wuri. Ba ka kira, ba a kiranka. Masu cirar kuɗi na bakin titi sun rufe rumfunansu. Ƙanwata tana aure a Shinkafi da tsohon ciki, ba mu da labarinta. In mutum yana da saƙon da ya zama dole, sai ya rubuta takarda ya ba direba, kamar zamanin kakanninmu, ko kuwa ya ɗauki kasadar fita jihar don ya buga waya ta minti uku.

Makon farko na ɗauke shi hutu. Na biyu na fara kwana bayan asuba har hantsi. A na uku ban ƙara buɗe littafi ba, sai zaman majalisa, inda babu abin da ake ci sai jita-jita: an ce sun shiga gari kaza, an ce gobe nan za su zo. In dawo gida da zuciya a cunkushe, in huce a kan mai ɗakina da yara. Wayar da ba ta da amfani kuwa tana hannuna, ina latsawa ina dubawa ko sandar nan guda ta dawo. Wata rana har na daka wa ƙaramar 'yata tsawa don ta zubar da koko, ta ruga bayan uwarta tana makyarkyata.

Kawu yana zaure a kan buzunsa, duk yana ji. Da na zo wucewa sai ya ce, "Malam ƙarami, zo nan. Yau wace rana ta?"

Na durƙusa na ce, "Talata ce, Kawu."

Ya ce, "Alhamis ta. Da kasuwa na ci, da yanzu motocin Shinkahi sun cika hanya. Malamin makaranta guda, bai san ranar da shike ciki ba. Wanga ciwo da ka damunka na san shi, na gane shi ga wani yaro cikin jirgi. Ɗauko mini akwatin can."

Daga ƙarƙashin takardun fansho ya zaro wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango, duk ya yi ja don tsufa. Ya ce in karanta masa da ƙarfi, tunda idonsa ya yi rauni. Kwana uku muka yi a kansa, ina karanta layi ɗaya, yana cika mini da baki. Abin da zan faɗa yanzu daga nan na samo shi.

Daga Zurmi a bayan babbar mota ya zo Ƙaura, ya hau jirgin ƙasa a tashar nan tamu, wadda dogo ya iso tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, Minna, ya ƙetare Kwara a gadar Jaba, Ilori, Badun, sai Ikko. A tashar jiragen ruwa ta Apapa ya fara ganin jirgin da zai ɗauke shi, fari fat, da bututun hayaƙi rawaya. Sunansa Aureol, na kamfanin Elder Dempster, an ƙera shi a Gilasgo ya fara aiki a 1951, kuma sunan wani dutse ne da ke birnin Firitawun na Saliyo aka sa masa. Yana ɗaukar fasinja fiye da 300. Shi da 'yan'uwansa biyu, Accra da Apapa, su ne ke jigilar mutane da wasiƙu tsakanin Ikko da Libaful. Hanya ce da manya suka riga suka bi, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921, har zuwa Alhaji Abubakar Imam a 1943, wanda ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kawu ya ce ya karanta wannan littafi tun yana Midil, amma ji daban, gani daban.

Kwanakin tafiyar iri biyu ne. Akwai ranar tasha, wato ranar da jirgi zai tsaya a gaɓar Gana, ko Firitawun, ko Las Palmas ta tsibiran Kanari. Wannan rana ba ta da wuya, ita ke tafiyar da kanta: ana sauke kaya ana lodi, 'yan kwale-kwale suna kewaye jirgi suna tallar lemo da ayaba, samari suna nutso suna cafko kwabban da fasinjoji ke jefa musu. Sai kuma ranar teku, wadda gari zai waye rana ta faɗi ba a ga ko tsinke ba. Daga Firitawun zuwa Las Palmas kwana uku ne da wani abu, daga can zuwa Libaful kuwa fiye da huɗu. A littafin Kawu irin waɗannan ranaku layi ɗaya ɗaya ne. Ga misalin guda: "Laraba. Mil 382. Izu biyar. Kifi da dankali. Yau ma ba tudu."

Na ce, "Kawu, ai wannan ba labari ba ne, lissafi ne."

Ya ce, "Lissahin shi ar rai, ɗana. Bari ka ji."

Ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne masu jirgin ba su yarda su bar yini ya tafi sakaka ba. Sun yayyanka shi gunduwa-gunduwa da ƙararrawa. Da sassafe ma'aikaci zai ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo shayi. Ƙarfe 8 karin kumallo. Wajen 11 a zagayo da ɗan abin sha a farfajiyar sama. Ƙarfe 1 abincin rana, ƙarfe 4 wani shayin, da dare kuma kowa ya yi wanka ya sa tufafin kirki ya zo teburin da aka ba shi tun ranar farko, ya zauna da mutanen da aka haɗa shi da su, ko yana so ko ba ya so. Tsakanin waɗannan akwai wasan jefa zoben igiya, da ƙwallon tebur, da ɗakin karatu, da wurin wanzami, da majigi wasu dararen. Tun farkon tafiya kuma an tara su an sa wa kowa rigar ceto, an nuna masa ƙaramin jirgin da zai nufa in wani abu ya faru. Su ma'aikatan, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne 'yan Nijeriya da Saliyo, ba a taɓa ganinsu zaune ba. In ba su wanke daɓe ba suna goge ƙarfe, in ba su goge ƙarfe ba suna shafa fenti a inda jiya ma aka shafa. Da farko Kawu ya ɗauka tsabar son wahalar da mutane ne irin na Bature. Daga baya wani dattijon ma'aikaci ya gaya masa cewa gishirin teku ba ya hutawa, in aka bar ƙarfe kwana biyu sai tsatsa ta kama shi, kuma mutum ma haka yake.

Kawu ya ga cewa ƙararrawar Turawa ta ciki ce kawai, don haka ya kafa tasa a kan tasu. Ya raba Alƙur'ani izu biyar kullum, biyu bayan asuba, ɗaya bayan azahar, biyu bayan la'asar, da niyyar ya sauke kafin ya taka ƙasar Ingila. Lokacin salla da rana yake gane shi, domin agogo ya zama abin da ake juyawa: suna barin Ikko aka ce kowa ya mai da nasa baya da awa guda, saboda Gana da Saliyo suna bayanmu. Alƙibla kuwa ita ce ta fi ba shi aiki, kuma a nan ne ni malamin labarin ƙasa na ji kunya, don ban taɓa tunanin abin ba. Daga Ikko jirgi yamma ya nufa, saboda haka alƙibla tana wajen wutsiyarsa. Da suka wuce Firitawun ya karkata arewa, sai ta komo hannun dama. Suna matsowa Turai kuma ta riƙa zamewa tana komawa kudu maso gabas. Kullum da safe sai ya je ya tambayi wani ƙaramin jami'in jirgi ina gabas take, har mutumin ya saba, yana hango shi da buta sai ya miƙa hannu ya nuna. Su huɗu ne Musulmi da suka gano juna, da shi, da wani Babarbare, da Yarabawa biyu, suka sami wani lungu bayan jiragen ceto suna jam'i suna ƙasaru.

Abinci ma sai da dabara. Tunda bai san yankan naman ba, sai ya tsaya a kan kifi da ƙwai da burodi da dankali, yana barbaɗa yajin da kakarmu ta daka masa. Kilishi da dakuwar da ya ƙullo ya raba su kashi 14, goro kuwa ɓari ɗaya da safe, ɓari ɗaya da yamma. Abokin ɗakinsa wani Kirista ne mutumin Badun da zai je karatun lauya. Daren farko ko magana ba su yi ba. Kafin Firitawun Kawu ya zana gidajen dara a bayan kwali, ya koya masa da tsinken ashana da ƙwallon dabino, shi kuma yana gyara wa Kawu lafazin Turanci. Akwai kuma wani Bature da ya yi shekaru yana aikin auduga a Lardin Sakkwato, zai koma gida ke nan ba dawowa. Kullum da la'asar yakan tsaya a wutsiyar jirgi yana kallon inda aka baro. Ran nan ya ji Kawu yana magana, sai ya matso ya ce da Hausa, "Malam, ko da ɗan goro?"

Amma duk cikin yini babu lokacin da ya kai tsakar rana daraja. Ƙarfe 12 daidai jirgi zai yi kuka, jami'ai su auna inda ake, sannan a liƙa takarda a allon sanarwa: mil kaza aka ci daga jiya zuwa yau, mil kaza ya rage. A jikin taswira kuma a matsar da wata 'yar alama gaba kaɗan. Kawu ya ce har waɗanda jiri ya kwantar sukan rarrafo su duba. Turawa har caca suke yi a kan adadin. Ruwan jiya da na yau duk ɗaya ne a ido, ba ka da wata shaida cewa ana tafiya, sai wannan 'yar takarda.

Yaron da ya ce na tuna masa da shi kuwa wani ɗan Arewa ne da aka ba sukolashif, mai ƙwaƙwalwa ƙwarai. Tun da aka daina ganin tudu ya ce shi bai ga amfanin tashi da safe ba, tunda babu inda za a je. Ya daina zuwa karin kumallo, ya daina aski, ya daina zuwa jam'i. Dare ya zama ranarsa, ya faɗa cikin 'yan karta. Kafin a kai Las Palmas ya tashi da kuɗin guzurinsa kaf, har da na sayen rigar sanyi, ya kuma yi dambe da wani a kan kujera, alhali ga kujeru nan birjik babu kowa. Su Kawu ne suka yi masa karo-karo, Babarbaren nan kuma ya ɗora wa kansa tashinsa kowace asuba, ko da zagi. Bayan Las Palmas iska ta canza, jami'ai suka tuɓe fararen kaya suka sa baƙaƙe, aka shiga mashigin Biskay inda raƙuman ruwa suke ɗaga jirgi su maka. Aka ɗaure kujeru, aka kafa katanga a gefen tebura don kada kwanuka su zube. Kawu da Baturen auduga suka yi amai kafaɗa da kafaɗa a bakin ƙarfe ɗaya. A shafin wannan rana rubutun ya karkace, amma yana nan: "Mil 341. Izu biyar, a kwance. Ban ci komi ba." Ya sauke ana gobe za su ga Libaful.

Da muka rufe littafin sai ya ce, "Ingila wasu sunka shirya mini kwanakina, ni bi kawai nike. Cikin jirgi na san ni wa ne, don can ne rana ka zowa hannu wohi, sai abin da ka zuba mata. To kai mi ka zuba ma taka?"

Ban ba shi amsa ba. Washegari bayan asuba ban koma barci ba. Na share zaure, na jingina wani tsohon ƙyauren langa-langa na shafa masa baƙin batir ya zama allo. Na bi gidajen ɗalibaina na unguwa ɗaya bayan ɗaya, na roƙi iyayensu. Ranar farko yara biyar suka zo, uku daga ciki nawa ne. Muka sa doka: ƙarfe 8 zuwa 11, Asabar zuwa Laraba, wanda ya makara ya share zaure. Mai ɗakina, wadda ta yi karatun addini fiye da ni, ta karɓi 'yan mata a tsakar gida bayan la'asar. Wani maƙwabcina malamin lissafi da ya ji labari ya ce a ba shi Litinin da Talata. Kawu ne mai ƙararrawa, da wani guntun ƙarfen dogo da ƙusa, kuma ko minti ɗaya ba ya yafewa. Majalisa na rage ta zuwa tsakanin magariba da lisha, wayar kuma na jefa ta cikin akwatin Kawu. Na sayi littafi na fara nawa lissafin: "Asabar. Yara 14. Kogunan Nijeriya. Yau ma ba waya."

Ba zan ce maka wannan ya kawar da tsoro ba. Akwai daren da muka kwana zaune muna jin harbi daga nesa, da safe yara biyu kacal suka zo. Kawu ya buga ƙarfensa ƙarfe 8 kamar kullum, na koyar da su biyun. Takardar Shinkafi kuwa sai da ta kwana tara a aljihun direba kafin ta iso: ƙanwata ta sauka lafiya, namiji, har an yi suna ba mu sani ba. A zauren na karanta ta, yara suka yi ta tafi kamar ɗan'uwansu ne.

Sai dai akwai inda misalin Kawu ya gaza, kuma na gaya masa. Na ce, "Kawu, ku fa kuna da kyaftin, kuma kullum tsakar rana ana liƙa muku saura mil nawa. Mu wa zai liƙa mana? An ce mako biyu, ga shi muna cikin wata na biyu." Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Gaskiyarka. Mu mun san ranar sauka, ku ba ku sani ba. Naku ya hi namu wuya." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara ba. Har gobe ina ganin cewa talaka yana iya jure ƙunci mai yawa in ana fitowa ana gaya masa gaskiyar inda aka kwana da abin da ya rage. Rashin wannan 'yar takarda ta tsakar rana ya fi rashin fetur da rashin kasuwa ci mana rai.

An maido da waya a Gusau a farkon Oktoba, mu kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Makarantarmu ta buɗe a farkon 2022. Ajin da na bari da yara 58, na tarar da 41. Wasu an yi musu aure, wasu sun tafi haƙar zinariya, wasu sun bi motar kudu neman kuɗi, wasu iyayensu sun yi hijira ba a san inda suka nufa ba. Cikin 'yan zaurenmu, su 19 a ƙarshe, ɗaya ce kawai ba ta dawo ba. Ba na cewa allon langa-langa ne ya riƙe su, Allah ne ya riƙe su. Amma na san yaron da ya saba jin ƙararrawa ƙarfe 8 bai cika mantawa da cewa shi ɗalibi ne ba.

Da waya ta dawo, abin da na fara nema a intanet bayan gaishe-gaishe shi ne labarin jirgin Kawu. Jiragen sama sun kashe kasuwar irinsa, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Ikko a 1974. Daga nan wani attajiri ɗan Girka ya saye shi, aka canza masa suna, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata, kafin a farfasa shi a Indiya a 2001. Da na gaya wa Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe alƙiblar da nike ta nema cikinai, can yat tahi daga baya!" Na kuma karanta masa cewa har yanzu akwai wani ƙaton jirgi mai suna Queen Mary 2, na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,500 daga Southampton ta Ingila zuwa Niyok ta Amurka, kwana bakwai babu tsayawa ko'ina. Jirgin sama yana yin wannan tafiya cikin awa takwas, amma masu hali suna biyan kuɗi mai yawa don su sami waɗannan kwanaki na ba tudu. Kuma tsarin bai canza ba: kowane dare ana kai wa fasinja takardar abubuwan gobe, lacca da kiɗa da ɗakin karatu da shayin la'asar, ana juya agogo da awa guda a yawancin kwanakin, tsakar rana kuma kyaftin ya yi magana ya faɗi inda ake. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Su da kuɗinsu suka saye, ku kyauta anka ba ku." Muka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka.

Allah ya yi wa Kawu rasuwa a 2023, a nan zauren, bai koma Zurmi ba, ko da yake babu makon da bai tambayi lafiyar hanya ba. A Ƙaura muka binne shi. Akwatin ƙarfen 'ya'yansa suka ɗauka, littafin mai shuɗin bango kuwa suka ce in riƙe. Guntun ƙarfen dogon yana nan rataye, domin har yanzu hanyoyinmu ba su koma yadda muka san su ba, kuma babu wanda ya san ranar da za a sake cewa a rufe.

Yanzu in na zo darasin teku, na daina farawa daga ƙasan taswira. Daga Gagare nake farawa. In nuna wa yara yadda yake gangarawa ya haɗu da Bunsuru a can arewa, su zama gulbin Rima, Rima ya bi ta Sakkwato ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta ratsa ƙasar nan har ta zube a Atilantika. In ce musu ruwan da suka yi wanka a ciki da damina, wataƙila yanzu wani jirgi yana tafiya a kansa. Daga nan in ciro littafin Kawu in karanta musu shafi ɗaya. Bara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi bai gaji da rubuta ba tudu, ba tudu kullum ba?" Na ce mata ta zo ta duba shafin ƙarshe da kanta. Ta karanta wa aji da ƙarfi: "Litinin. Hazo. An ga tudu da hantsi. Alhamdu lillahi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya kyauta namu zuwan, ya kuma nuna mana ranar da mutumin Zurmi da na Shinkafi da na Ƙaura za su rubuta irin wannan layi a nasu littafin. Amin.